Awa Guda a Baya

Ranar Talata da la'asar sakaliya Sallau ya tayar da motonsa, wato babur ɗinsa, daga Zango, cikin Damagaram, ya hau gudiron Mirriya, titin kwaltar nan. Aikin minti goma zai yi ya dawo, haka ya gaya wa kansa. Damina ce, gero ya kai kafaɗa hagu da dama, hanya sai ƙamshin ƙasar da ta sha ruwa jiya.

Sallau mutumin ordinata ne, wato kwamfuta. Ya yi karatunsa har Yamai, kuma ba sai ka tambaye shi ba, kafin ka gama gaisuwa ya gaya maka. Shi ya kafa rumbun bayanai na wani ƙaramin gidan likita da ke bayan Mirriya, abin da su a wurin aiki suke ce wa baz. Duk jaririn da aka haifa a nan, sashfam, ungozomar zamani, ta shigar da sunan uwa da nauyinsa da lambar gado, ranar da lokacin kuwa na'ura ce ke bugawa da kanta. Da wannan Sallau ke cika baki a fadar shayi. Ya kan ce mutum na ƙarya, agogon bango na ƙarya, amma baz ɗinsa ba ta san ƙarya ba.

To, ga inda gizo ya yi masa saƙa. Matarsa Fanta ta koma gidan iyayenta a can garin don haihuwar fari, ta kuwa haihu a wannan gidan likitan. Mace aka samu, daren Juma'a, sha biyu da minti ashirin. Da aka aiko masa takardar da zai kai meri, ofishin magajin gari, a yi wa yarinya takardar haihuwa, sai ya ga an buga Alhamis, sha ɗaya da minti ashirin.

Yana gani ya san mai laifi. Ranar da ya kafa na'urar ya manta bai gaya mata a ƙasar da take ba. Wata takwas ke nan tana tafiya a kan agogon GMT, wanda masu rediyo ke faɗa kafin su faɗi agogon Nijar. Kowane yaro na garin nan an rubuta shi awa guda kafin ya zo duniya, ba wanda ya lura, sai da abin ya faɗo kan 'yar mai na'urar. In labari ya kai fadar shayi, Sallau ya san sai ya bar unguwa. Shi ya sa ya zaɓi lokacin da majo, shugaban gidan likitan, da sashfam suka tashi.

Gidan likitan a bakin gari yake, ɗaki uku, ga wata tsohuwar kuka a bayansa. Ya tarar da Lubabatu, tsohuwar ungozomar wurin, tana naɗe tabarmar masu jira.

"A'a, angon ƙarni! Ɓatan hanya ka yi? Gidan surukanka can yake bayan masallaci."

"Iya Luba, ina wuni. Makullin ɗakin awo nake so."

"Ba a kulle yake ba." Ta ɗaga kai ta dubi rana. "Kuma ba a shigarsa yanzu."

"Majo ne ya hana?"

"Majo yaron jiya? Kafin a haife shi ake wannan." Ta rage murya. "In rana ta taɓa kan kukar can, har ladan ya gama kira, ɗakin ba namu ba ne. Masu wurin ma suna haihuwa, ɗan nan. Su ma suna son su ga nauyin nasu."

Ya leƙa. Ta bar ƙofar a sakaye, ta buɗe sikelin awon jarirai ta shimfiɗa masa tsumma mai tsabta, ta ajiye roba da ruwan ɗumi a ƙasa. A kusurwa, kan tebur, ga ordinatarsa.

Sallau ya yi dariya. "To su ma da kati suke zuwa? Wa ke yi musu allura?"

"Ka yi dariyarka. Shekara talatin ina bar musu ruwa, ban taɓa tarar da shi da safe ba."

"Awakin gari na gode miki."

"Akuya ke wanke tsumma ta shanya?" Ta yafa gyalenta. "Je ka yi salla, ka ci tuwon surukai, ka dawo bayan isha'i. Na'urar ba gudu za ta yi ba."

"Minti goma, Iya. Kafin ladan ya gyara murya na fito."

Ta ɗauki butarta ta bi ta bayan katanga. Ya ji takunta har ya ɓace.

Ɗakin na warin magani da tsohuwar takarda. Ya zauna ya ba sikelin baya, ya kunna ordinata. Batirin hasken rana ya yi ɗan ƙugi. Waje kwaɗi sun fara, wata mata na kiran awakinta, famfon da ke bakin ƙofa na ɗiga cikin bokiti, ɗis, ɗis.

Abin farko da mai aiki irin nasa ke yi shi ne ya tambayi na'ura: yau wace rana, ƙarfe nawa, kuma a agogon wa? Ya buga umarnin. Ta amsa.

2022-08-23 17:40:51+00

Ya dubi salularsa. Shida da minti arba'in. Ga sifiri biyun nan a ƙarshen layi, shaidar kasalarsa. Ya yi tsaki.

Yanzu akwai wata ɗabi'a da aka koya musu a Yamai. Ba ka taɓa bayanan mutane haka kawai. Sai ka fara buɗe zaman gyara, kamar ka shiga ɗaki ka ja ƙofa. Duk abin da ka sake a ciki bai tabbata ba, sai ka buga kalmar tabbatarwa, ko kuma kalmar fasawa komai ya koma yadda yake. Sallau ya buɗe. A daidai nan ya ji ladan ya ƙwanƙwasa lasifika sau biyu, ya hura ta, alamar zai fara kira.

Ya gaya wa na'ura a Nijar take. Ya sake tambaya.

2022-08-23 18:41:07+01

"Yawwa," ya ce. "Yanzu kin zama 'yar gari."

Ya nemo layin 'yarsa. Uwa, Fanta Kolo. Mace. Kilo biyu da giram ɗari tara. Gado na biyu. Alhamis, 23:20. Ya ƙara mata awa guda, ta koma Juma'a, 00:20.

Na'ura ta ƙi.

Shi da kansa ya kafa mata doka, don kada sashfam ta shigar da yaro sau biyu: gado ɗaya, minti ɗaya, haihuwa ɗaya. Yanzu dokar ce ta tare shi. Wai akwai wata haihuwa a gado na biyu, Juma'a, sha biyu da minti ashirin.

Ya buɗe ya gani. Mace. Kilo biyu da giram ɗari tara. Wurin sunan uwa ba harafi ko ɗaya da ya sani, wasu 'yan ƙugiyoyi ne kamar sawun kaza a laka. Ƙarshen lokacin kuma ba +00 ba, ba +01 ba. Wurin fili ne.

Mai hankali da nan zai tsaya. Sallau ya ce, "Shirmen sashfam," ya goge layin. Ya mayar da 'yarsa Juma'a, na'ura ta karɓa. Ya buga kalmar tabbatarwa, haruffa shida, saura kawai ya danna babban maɓalli. Sai ya ce bari ya sake duba lokaci tukuna, a ɗaya layin.

2022-08-23 18:41:07+01

Bai damu ba. Haka take yi. Muddin zaman gyara a buɗe yake, na'ura na riƙe lokacin da aka buɗe shi, ko ka tambaye ta sau ɗari. Wannan ɗan aji ɗaya ma ya sani. Ya ɗauki salula don ya ga lokacin gaskiya.

Shida da minti arba'in da ɗaya.

Ya yi aƙalla minti goma yana aiki.

Ya zuba wa salular ido. Ya ƙirga har sittin a ransa. Ya ƙara wani sittin. Lambar ba ta motsa ba.

Sai a lokacin ya ji shirun. Kwaɗi sun yi tsit. Matar nan mai awaki ta daina kira. Ladan da ya hura lasifika tun ɗazu bai ce komai ba. Sallau ya juya ido wajen ƙofa ba tare da ya juya wuya ba. A bakin famfo ga ɗigon ruwa guda, ya rabu da ƙarfe, bai kai bokiti ba. Yana nan a tsaye cikin iska, jan hasken yamma a cikinsa.

Warin magani ya tafi. Wani wari ya cika ɗakin, wanda ya sani tun yana yaro a ɗakin uwarsa: tafasasshen ruwa da ganyen dogon yaro, hayaƙin itace, kanwa, nono. Warin mai jego.

A bayansa sikeli ya yi ƙara. Ƙiiit. Irin ƙarar da yake yi in an ɗora hannu a kansa.

Ruwan roba ya motsa.

"Sannu da aiki, mai rubutu."

Muryar a hankali take, dab da ƙeyarsa. Hausar tsofaffi ce, irin wadda kakarsa ke yi. Bai juya ba. Amma gilashin ordinata baƙi ne, kuma baƙin gilashi madubi ne. Ya gan ta a bayan haruffa. Doguwa, har ta sunkuyar da kai don rufin ɗaki. Ɗaurin ƙirji. Tururi na tashi daga kafaɗunta. Ta ɗaura majanyi tamau a ƙirji kamar mai goyo, sai dai bayan nata wayam.

"Na ɗora ta a kan awo," ta ce. "Na juya in jiƙa tsumma. Na waiwayo, babu ita. Ina ka kai mini 'ya?"

Ya buɗe baki ya yi addu'a. Harshensa ya yi nauyi kamar an cika bakin da danƙo.

"Dare ɗaya muka yi naƙuda da matarka. Gado ɗaya. Ita tana kiran uwarta, ni ina riƙe da ƙafar gado. Akwatinka mai adalci ne, ya ba kowa wurinta. Taka a baya, tawa a gaba. Ba mu taɓa juna ba."

Tururin ya sauka a wuyansa, zafi kamar bakin tukunya.

"Yanzu na duba wurin 'yata, na ga 'ya guda. Mace. Nauyinta nauyin tawa. To ai shi ke nan. Wadda ke wurin, ita ce tawa."

"Ba... ba taki ba ce," ya samu ya ce. Bai gane muryarsa ba.

"Kai ka rubuta."

A cikin gilashi ya ga ta juya kai wajen taga, wajen masallaci, kamar mai leƙen abin da ke kusa.

"Ga ta can kwance ita kaɗai. Uwar ta shiga wanka. Wuƙar da suka ajiye mata a kai, kakarta ta ɗauka tana yanka kuɓewa." Ta yi wata 'yar dariya ta hanci. "Ba ta da suna tukuna. Mai sauƙin ɗauka."

Sallau ya dubi hannunsa. Ɗan yatsansa na kan babban maɓalli. Haruffa shidan nan na jira. In ya danna, gyara ya tabbata, layin da ya goge ya tafi ke nan har abada, 'yarsa ta zauna a wurin da ba nata ba. Ya yi ƙoƙarin janye hannun.

Wani hannu ya sauka a kan nasa.

Jiƙaƙƙe. Zafi. Yatsun sun wuce nasa tsawo da gaɓa biyu. Ba ta matsa ba, ta dai ɗora, nauyin kuma na ƙaruwa a hankali.

"Ƙarasa aikinka," ta ce. "Nonona na zuba."

Maɓallin ya fara nutsewa.

Hannun hagu ya rage masa. Ya ɗago shi daga cinya kamar mai ɗaga buhun gero. Ya kai kan maɓallin gogewa. Ɗaya. Biyu. Fatar hannun damansa na ƙuna. Uku. Huɗu. Ya ji ƙashin yatsansa na ƙara. Biyar.

Shida.

Babban maɓalli ya nutse har ƙasa, a kan layin da babu komai.

Ta ja numfashi. Takardun da ke bango suka ɗaga gaba ɗaya suka koma.

"Wayo," ta ce. Ta ɗauke hannunta. Ya ga ta miƙe, ta juya wajen ƙofa. "Ba sai ka ƙarasa ba. Na san gidan."

Kalmar fasawa haruffa takwas ce. Sallau ya buga ta sau dubu a rayuwarsa, ido rufe. Yau ya nemi harafin farko ya rasa.

Taku ɗaya. Ƙafa jiƙaƙƙiya a kan siminti.

Ya samu. Ɗaya, biyu, uku.

Taku na biyu.

Huɗu. Ya yi kuskure, ya goge. Huɗu. Biyar.

Ƙofa ta yi ƙara.

Shida. Bakwai.

Inuwarta ta fita daga gilashin.

Takwas.

"Bismillahi!" Kalmar ta ɓalle daga bakinsa kamar tari. Ya danna.

Ɗis. Ɗigon ruwa ya faɗa bokiti.

Kwaɗi suka ɓarke gaba ɗaya. Muryar ladan ta tsaga sama. A bayansa, kan sikeli, wani abu ya yi kuka, siririn kuka irin na ɗan kwana huɗu. Ya ji an ɗauke shi, ya ji ana gyara majanyi, ya ji ana jijjigawa. Ya runtse ido.

"Ta dawo," in ji muryar, yanzu daga nesa, ta wajen kuka. "Taka ma ta koma inda ka ajiye ta tun farko. Can za ta zauna."

Da ya buɗe ido, gilashi na nuna masa 17:41:09+00. Robar ruwan babu ko ɗigo.

Bai kashe na'ura ba, bai tuna da moto ba. Da ƙafa ya bi lungu, takalmi ɗaya a laka ya bar shi. Mutanen da ke alwala a ƙofar masallaci suka bi shi da kallo. Ya faɗa gidan surukansa ba sallama, shi da ko a hanya ya hango Ya Kellu, uwar Fanta, wadda a gida ake ce wa Ya, sai ya durƙusa tun daga nesa.

Tana zaune bakin murhu, ƙwarya a cinya, wuƙa a hannu, kuɓewa rabi a yanke.

"Sallau? Lafiya? Kai, ina za ka? Ɗakin jego ne fa!"

Ya yaye labule. Ɗakin da duhu, da zafin garwashi. Jaririya na kan gado cikin zane, ita kaɗai. A ƙasa, daga bakin ƙofa zuwa rabin ɗaki, siminti a jiƙe yake, tabo uku manya, har yanzu suna tururi. Na huɗun babu.

Ya durƙusa. Ya kai kunnensa bakin hancinta. Ya jira.

Ya jira.

Ɗan numfashi ya taɓa kunnensa.

Fanta ta shigo da zane a ƙirji, ruwa na bin wuyanta. Ta ga mijinta a ƙasa, ƙafa ɗaya ba takalmi, ya rungume 'yar fari a gaban surukuwa, yana kuka kamar yaro.

"Ka haukace ne?" ta ce a hankali. "Ya tana kallonka. Me ya sami hannunka?"

Bayan hannun damansa ya tashi, ya yi ja, shaidar yatsu huɗu dogaye.

"Salansar moto ce," ya ce. Ya juya ga Ya Kellu, kansa a ƙasa. "Ya, don Allah a mayar da wuƙar nan. Gobe na kawo miki wata ta kuɓewa. Goma ma in kina so."

Tsohuwar ta dubi wuƙar hannunta, ta dubi simintin. Ta goge wuƙar da bakin zane ta tura ƙarƙashin matashin jaririya.

Washegari Sallau ya kai takarda meri yadda take, Alhamis, sha ɗaya da minti ashirin. Na'urar gidan likitan ma bai sake taɓa agogonta ba. Majo ya yi masa magana sau biyu, ya ce gyaran na da wuya, sai an turo wani daga Yamai. A fadar shayi kuwa aka rasa abin da ya sa ya daina zancen baz.

Ranar Juma'a aka yi suna. Aka raɗa wa yarinya Hafsa. Bayan an watse daga addu'a wanzami ya shiga, ya aske mata kai, ya yi mata 'yan tsagar ciki kamar yadda gidan suka gada. Aska ta shiga, jini ya fito, yarinya ko motsi. Idonta a buɗe, tana kallon rufin ɗaki.

Mata suka ɗauki guɗa. "Jaruma! Jinin Barno ke nan, ba raki!"

Sallau na zaure tare da maza. Da labari ya iso masa aka yi ta yi masa barka, shi kuwa sai ya zaro salula ya duba. Takwas da minti biyar.

Aka kawo waina da miya. Aka fara fiɗar rago. Abokansa na Damagaram na ta tsokanarsa, yana amsawa da ka. Bai ci komai ba. Can, ana tsakiyar hira, wata ƙara ta taso daga cikin gida, ƙarar jaririn da ƙarfe ya shiga jikinsa yanzu-yanzu. Aka ji mata na salati, aka ji Fanta na cewa, "Wallahi ba wanda ya taɓa ta, barci take a cinyata!"

Salular na hannunsa tun ɗazu. Ya sunkuyar da kai.

Tara da minti biyar.